Wanda Ya Riƙe Wa Baƙo Hannu

Wani mafarki na yi daren jiya, tun da nake ban taɓa yin irinsa ba. Na ga kaina tsaye a bakin wata ƙofa, allurar ɗinkin hulata a soke a gefen zane. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa yana hawa sama, ƙafafuna sun jiƙe sharkaf, kallabina kuwa a bushe. A bakin ƙofar akwai tebur, a bayansa wata akuya ce da tabarau, tana tauna takardun da aka kawo mata ta sa hannu.

"Baiwar Allah, ina ne nan?" na ce.

"Cikin Basira ne," in ji akuyar, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ke ce uwar? Cire takalmi."

Basira autata ce, shekararta ashirin, tana karatun aikin gwajin jini. Tun tana jaririya take ɗauke da ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki, tana shan maganinta kullum, lafiyarta lau. Da ta yi wayo ta tambaye ni inda ta samo, sai na ce wani jini ne aka ƙara mata a asibiti. Ƙarya na yi, ko ɗigo ba a taɓa ƙara mata ba. Daga wurina ta samu, lokacin ni kaina ban san ina da ita ba, sai bayan rasuwar babanta aka gwada mu. Nawa maganin a wani gari nake karɓowa, ina ɓoye shi cikin langa a ƙarƙashin gado. Shekara goma sha biyu ke nan ina riƙe da wannan ƙarya, kuma tsoron ranar da za ta sani ya fi mini tsoron cutar kanta.

Jiya da la'asar ta dawo daga makaranta, ta zauna kusa da ni ina ɗinki, ta ce, "Umma, kin san ƙwayar nan da ƙyar take sauka ita kaɗai? In ta shiga ƙwayar halittar mutum, so take ta ɗinke nata saƙon a jikin zaren da ke ciki, wanda muke gada daga iyaye. To akwai wani sinadari da ake kira furotin, namu ne fa, na jikinmu, aikinsa riƙe zaren nan. Shi take kamawa ya kai ta, kuma daidai inda aka fi aiki." Sannan ta ja wa mai jinin nan Allah ya isa, kamar yadda ta saba. Na ce zare ya ƙare mini, na tashi na shiga ɗaki.

To a mafarkin, ina cire takalmi sai ga ni a wani zaure mai tsawon gaske, ba a ganin ƙarshensa. Zare ne ko'ina, an nannaɗe shi a jikin ƙananan duwatsu masu santsi, dubu bisa dubu. A wani ɓangaren an matse naɗin tam, zaren yana barci har da minshari. A wani ɓangaren an sassauta shi, kaji suna bin sa da baki suna karantawa da ƙarfi. Na kasa kunne. Wata kaza ta karanta wushiryar Basira, wata ta karanta cewa bahaguwa ce, wata kuma ta karanta taurin kan nan nata, wanda ni na san daga dangin uban ya zo.

A tsakiyar hidimar wani dattijo ne a tsugune. Hannuwansa biyu duk na dama ne. Ɗaya yana riƙe da zaren, ɗayan a miƙe yake a sarari.

"Sannu da aiki, Baba. Wane ne kai?"

"Ɗan gida ne," ya ce. "Ni ke riƙe zare inda ake karatu. Ma'aikaci ya zo, ya kama hannuna, na kusantar da shi. Ba ni da wani aiki sai wannan, ko Juma'a ba na hutu."

Muna cikin magana aka yi sallama. Wani baƙo ne siriri, fes da shi, da ɗan guntun zare a kafaɗa da almakashi a aljihu. Kaji suka yi tsit. Akuyar ta leƙo ta taga ta ce kada in damu, yau shekara ashirin da ta wuce ce, gobe ma haka za ta kasance. Baƙon ya durƙusa ya gaishe da dattijon kamar ɗan mutunci, ya miƙo hannu.

"Baba, kar ka karɓa!" na ce. "Wallahi ba ma'aikaci ba ne!"

"An miƙo hannu, 'yata," in ji shi, ya karɓa.

Ya jawo baƙon har jikin zaren, daidai inda kaji suka fi yawa. Baƙon ya tsinka zaren Basira, ya sa nasa guntun a tsakani, sai wasu tururuwa na gidan suka zo da gudu suka ƙarasa masa ɗinkin, don su ba sa iya ganin yagewa su ƙyale. Shekara talatin ina ɗinkin hula, mata suna kawo mini aikin wasu in nuna musu inda aka yi ha'inci, amma na dudduba ban ga mahaɗi ba. Kaji suka ci gaba da karatu. Suka karanta wushirya, suka karanta saƙon baƙo, duk da murya ɗaya.

Raina ya ɓaci. Na ce wa dattijon tsohon banza, munafuki, mai cin amanar gidan da ya haife shi. Na tambaye shi me ya hana ya kai baƙon can cikin duhu inda zare ke barci, in ma kai shi zai yi.

"Ni ba na zama can," ya ce. "Inda ake hidima nake. Wanda ya kama hannuna, inda nake zai sauka."

Ban san yadda aka yi ba, sai na ga ina zaune a kan tabarma da zaren a cinyata, allura a hannu. Na ce in dai warware ɗinki ne, an zo gidana. Na soka allura na ja sili ɗaya, sai na ji dariyar Basira ta faɗo ƙasa ta fashe. Na tsince ta da sauri na mayar. Na ja wani silin, sai hannunta na hagu ya manta yadda ake riƙe cokali. Akuyar ta zo ta tsaya a kaina tana tuƙa.

"Za ki iya cirewa," ta ce, "in kin yarda a rushe ɗakin nan da muke ciki gaba ɗaya. Sai dai ɗakunan suna da yawa, wasu ma baƙon barci yake yi a ciki, mu kanmu ba mu san ƙofofinsu ba. Maganin da take sha yana hana shi sabon ɗinki. Tsohon ɗinkin kuwa yana nan."

Na ajiye allurar na yi kuka, hawayen suna bin goshina suna hawa sama.

Sai kuma ga mu a kotu. Awaki uku ne a kan benci, ta tsakiyar ta sa rawani a wutsiya. Basira tana gefe a zaune, wani lokaci in gan ta da farar rigarta ta makaranta, wani lokaci in gan ta jaririya cikin zanen goyo, ido ɗaya dai take kallo da shi. Aka ce a shigo da wanda ake tuhuma. Na ɗauka dattijon za a kawo, sai aka shigo da wani mutum dogo wanda ba shi da fuska, kansa sumul kamar ƙwarya.

"Wannan fa?" na ce.

"Mai jini ne," in ji akuyar tsakiya. "Ba ke kika yi shi ba?"

Lalle ni na yi shi, ban dai taɓa yi masa fuska ba, don Basira ba ta tambaya ba. Ya juyo wajena, muryarsa tana fita ta hannun riga.

"Hajiya, ki sallame ni don Allah," ya ce. "Shekara goma sha biyu ina tsaye a nan, kullum safiya sai an ja mini Allah ya isa. Ni ban ba kowa jini ba, ko jinin ma ba ki sa mini ba. Ƙafafuna sun gaji."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban surukai.

Aka kira dattijon shaida. Ya zo da zarensa a hannu, bai saki ba. Ya ce shi ya riƙe wa baƙo hannu, ba ya musu, kuma in aka sake miƙo masa zai sake karɓa, don hannun nan bai san ya naɗe ba. Ya ce amma shi a cikin ɗaki yake, bai taɓa leƙa ƙofar gida ba, bai san wanda ya kawo baƙon gari ba. Da zai wuce ya dube ni, ba da fushi ba. Na so a ce da fushin ne.

Sai aka tambayi baƙon da kansa, a kan me ya hau ya zo.

"Ni ban hau komai ba, ranku ya daɗe," ya ce cikin ladabi. "A nono aka kawo ni, da ɗuminsa. Ana jijjiga mu, ana yi mana waƙa, ana shafa mana kai. Na shiga gidaje da yawa, ba a taɓa raka ni da ƙauna irin ta ranar ba. Matar ba ta san ina ciki ba."

Awakin suka daina tuƙa. Basira ta juyo a hankali, da farar rigarta, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, jira kawai take. Mutumin da ba shi da fuska shi ma yana jira. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Na sake gwadawa, na tattaro duk ƙarfina, na ji ta fara fitowa.

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni, shar, shar, a tsakar gida. Gari ya waye har na makara da sallah, matashina a jiƙe. Sharar ta tsaya, labule ya ɗaga, Basira ta leƙo da tsintsiya a hannun hagu.

"Umma, ina kwana? Lafiya dai ko? Tun asuba kike ta magana cikin barci, kina cewa ni ce, ni ce." Ta yi 'yar dariya. "Ke ce me?"

Na tashi zaune, na gyara ɗaurin kallabi.

"Auta," na ce, "ajiye tsintsiyar nan. Jawo mini langar da ke ƙarƙashin gado, ki zo ki zauna."