Karayar Barista Ɗantsoho

Ƙafar maigidana lafiyarta ƙalau ranar da na jera mata karan dawa, na naɗe da tsohon zanena. Duk garinmu Maiyama, Ɗantsoho suke ce masa, ni Barista nake cewa. Lokacin mulkin soja ne, jihar Kebbi ko tatata ba ta fara ba, shi kuwa ya rasa shari'ar da zai ɗauka sai ta Magaji.

Magaji manomin albasa ne daga Giwa Tazo. Laifinsa, ya hau buhu a kasuwar Jega ya tambayi inda takin manoma ya shiga. Aka kwashe shi, aka kai maganarsa kotu a Aliero. Alƙali ya gaji da ɗage zama, ya ce in lauya bai zo wannan karon ba, zai mayar da Magaji tsare sai yadda hali ya yi.

Ba ƙin zuwa Barista yake yi ba. Akwai wani jami'in tsaro, Muntari, wanda gwamnati ta ɗauka aiki don mijina kaɗai. Duk ranar zama sai ya tare shi a shingen Jega. Ran nan ya ce tayar babur ɗinsa ta yi kama da ta ɓarayi. Wata rana ya gayyace shi shan shayi, aka yi ta ƙara masa har kotu ta tashi. Akwai ranar da ya ƙyale mijina, ya kama rigarsa ta lauya, ta kwana a ofishinsu tana amsa tambayoyi.

To amma a ƙasar nan ba a tare mai karaya in ya nufi Aliero wurin masu ɗori. Shi ya sa na yi wannan naɗi, muka shimfiɗe shi a bayan a-kori-kura, na zauna gefensa ina fifita.

A shinge Muntari ya leƙo, ya ga ƙafa, sai ya dafe kai.

"Subhanallahi! Barista, mi ya hwaru?"

"Rijiya yah hwaɗa," na ce, tun kafin Barista ya ɓata mana shiri da gaskiyarsa.

"Allah shi sawwaƙa! Ku sauko da shi. Mu da muka tare kullum, a ce wani direba ya kai shi? Wallahi ba a yi ba."

Na so in mutu don haushi. Suka ɗauke shi kamar ƙwai suka sa a motar gwamnati, har da jiniya. Ba su tsaya ko'ina ba sai zauren Malam Lawali mai ɗori. Da yake al'ada ce ƙarfafa su danne mai karaya, Muntari ya hau ƙirji, yaransa suka rarraba hannuwa da cinya.

Malam Lawali ya shafa ƙafar sama da ƙasa. Ya dube ni, na dubi rufin zaure. Shi ma albasa yake nomawa, shi ma bai ga taki ba.

"Wagga karaya mugunya ta," ya ce. "Ku riƙe shi da kyau."

Ya ja, Barista ya kurma ihun da ba na wasa ba, har awaki suka watse. Muntari yana share ƙwalla yana cewa, "Daure, Barista, ɗan kaɗan ya rage."

Da aka mayar da karare, Barista ya ce cikin nishi, "Muntari, ka ga yadda Allah ya yi da ni. Kai ni gaban alƙali in hwaɗa mai da bakina halin da ni ke ciki."

Murna ta kama Muntari, a zatonsa janyewa za a yi. Shi da kansa ya goya shi, ya ratsa 'yan kallo, ya dire shi a kujerar lauyoyi. Barista ya zaro rigarsa daga ƙullin kayan jinyar da nake riƙe da shi, ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya ce shi ne mai kare Magaji. Alƙali ya dubi kararen, ya dubi Muntari, ya ce a shigo da wanda ake ƙara. Dariya ta cika kotu, har da ni.

Sai aka shigo da Magaji. Gandirobobi biyu ne suka tallabo shi, ƙafarsa ta dama tana jan ƙasa, ta kumbura ta juya gefe. Da ƙafafunsa ya hau buhun nan a Jega. Kotu ta yi tsit, sai muryar Muntari, wanda bakinsa ya riga ya saba tun safe: "Allah shi sawwaƙa."

Ban taɓa jin na tsani wata addu'a ba sai ranar.

Barista bai yi doguwar magana ba, ƙafar ya nuna. Alƙali ya ba da beli. Muka koma zauren Malam Lawali da Magaji, wannan karon a a-kori-kura, ba jiniya. Malam ya shafa, ya daɗe bai ɗago ba.

"An bar ta ta kama a karkace," ya ce. "Sai an sake karya ta. Wa za shi riƙe shi?"

Barista ya kwance kararen ƙafarsa ya miƙa wa Malam. Sannan ya tuɓe rigar lauya, ya durƙusa, ya rungume Magaji ta ƙirji.