Filon Goggo Zuwaira

Wajen ƙarfe huɗu na yamma hadari ya haɗo ta bayan dutsen Kufena, iska mai sanyi tana shigowa ɗakina ta zaure. Ina kwance a tabarma na ji tsayuwar mashin ɗin Malam Lucas, mai gashin ƙashi daga asibitin Wusasa. Sau biyu a sati yake zuwa tun da aka yi min aiki a gwiwa. Daga kan tsani na faɗo ina yaɓen katangar mutane.

Ya sa na miƙe ƙafar, ya zura hannunsa a ƙarƙashin gwiwa. Hannun ya wuce har da sauran wuri.

"Rilwanu, sati biyar ke nan. Ya kamata a ce bayan gwiwar nan ya taɓa tabarma."

"Wallahi ina yin abin da ka ce. Danne gwiwa sau goma, ɗaga ƙafa sau goma, jan diddige da tawul."

Sai ya sunkuya ya shinshina gwiwar.

"Malam, lafiya?"

"Ina neman warin man mai ɗori ne. Ku 'yan cikin gari na san ku, likita ya fita ta ƙofa, mai ɗori ya shigo ta baya."

Abin ya ɗan sosa min rai. Ni ma ai ina da abin da nake tunani a kansa. Kullum ya zo ya danne ƙafar nan sai na kwana biyu tana zogi. Goggo Zuwaira, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun ina ƙarami, ta sha faɗa min cewa ita ba ta taɓa ganin an warkar da ciwo da murɗa ba. Tun ina kare shi har na fara cewa a raina, anya mutumin nan ya san aikinsa kuwa? Ko shi ne yake ɓata abin da likitoci suka gyara?

Ya ce, "Bari in faɗa maka gaskiya. In ba ta miƙe nan da sati biyu ba, a haka za ta ƙage. Ɗingishi har tsufa, kuma kai da tsani sai kallo."

Ni ban iya komai ba sai yaɓe. Na kalli silin, shi kuma ya ɗora hannu biyu ya danna har sai da na ciji bakin rigata.

Yana haɗa jakarsa ruwa ya kece, dole ya zauna a zaure. Ni kuwa gajiya ta sa na fara gyangyaɗi. Na ji takun Goggo, ta ɗaga ƙafar a hankali ta tura min filo a ƙarƙashin gwiwa, kamar yadda take yi kullum. Nan take zogin ya lafa.

"Hajiya, me kika sa masa?"

Ashe Malam Lucas yana hango mu ta ƙofa.

"Filo mana. Kai ka murɗe yaro ka tafi, ni ke kwana da nishinsa."

"Tun yaushe ake sa masa?"

"Tun ranar da aka sallamo shi. Dare da rana."

Malam Lucas ya dafe kai. "Shi ke nan! Ni in miƙar da ita minti ashirin, ke ki lanƙwashe ta awa ashirin. Ba a rubuta a takardar sallama ba?"

Na ce, "Tana cikin jaka. Da Turanci ce."

Sai ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba. Ya zare filon ya sa a ƙarƙashin diddigena, gwiwar ta rataya ba abin da ya tokare ta. Zafi ya taso min har ƙugu.

Goggo ta ce, "Ka gani ko? Mugunta dai."

"Hajiya, zafin nan shi ne maganin."

"A Wusasa ko?"

Ta fizge filonta ta shige cikin gida. Da ruwa ya tsagaita shi ma ya tafi, ya ce in nemi ko tawul ne in naɗe in sa a ƙarƙashin diddigen.

Na kwanta ina tunanin wa zan bi a cikinsu. Goggo ba ta taɓa cutar da ni ba. Shi kuma hannunsa da ya wuce ta ƙarƙashin gwiwata, da idona na gani. Na miƙa hannu neman tawul, yana can kan ƙusa, sandunan da nake dogarawa kuma suna bakin ƙofa.

Ana kiran magariba na ji takunta. Na rufe ido. Ta tsaya a kaina jim kaɗan tana jan tsaki, sannan ta ɗaga ƙafar ta tura filon a ƙarƙashin diddige. Gwiwar ta ɗauki zafi, na danne numfashina don kada ta ji. Ta gyara min mayafi ta fita alwala.