Gishirin da Rana Ta Sha

Shekarar da maƙoƙo ya fito wa Maijidda, uwarta Barakatu ta tsinki zare ta ajiye. Duk Juma'a sai ta zagaya wuyan yarinyar da shi. Da bakin zaren ya daina haɗuwa, Maijidda kuma ta fara shaƙewa in ta yi ruku'u, sai ta tasa ta gaba, daga Doguwa har ɗakin magani na Tudun Wada, a ƙafa.

Malamin asibitin, Malam Ladan, ya ba su gishiri cikin kwalba. Ya ce, "Akwai magani a ciki, aidin. Ƙasarku ta duwatsu ce, ruwanku ba shi da shi, shi ya sa wuya ke kumbura. Ki riƙa sa mata a miya."

To, damina ce. Barakatu ta ga gishiri ya fara jiƙewa, sai ta yi yadda uwarta ta koya mata. Kullum ta baza shi a faifai ta shanya a rana, da yamma ta kai shi gefen murhu. Ya bushe, fari tas.

Wata uku, zare bai haɗu ba. Ta koma da ragowar.

"Malam, ko ƙwaya ban bari ta lalace ba. Kullum sai na shanya shi."

Malam Ladan ya karɓi gishirin. Ya zuba nata gefe, nasa gefe, ya sa musu ɗan kamu, ya ɗiga wani ruwa. Nasa ya rine kamar an tsoma a baba. Nata yana nan fari.

"Iya, rana ta shanye maganin. Zafi da iska korarsa suke. Gishiri zalla take ci."

Barakatu ta dubi hannuwanta. "Allah ya gani, gyara na nufa."

"Ni ne ban gaya miki ba."

Sabuwar kwalbar da ya ba ta, ta toshe bakinta, ta sa a tukunya can ƙuryar ɗaki. Gishiri ya dunƙule. Hannunta har ƙaiƙayi yake in rana ta fito. Maƙwabciyarta Asma'u ta leƙa ta ce, "Ke da tsabta, yau gishirinki ya zama dawo?"

"Bar shi ya zama dutse."

Bayan kaka, wata Juma'a, Barakatu ta ɗauko zaren ta zagaya wuyan Maijidda. Bakinsa biyu suka taɓa juna da ƙyar. Ta sake gwadawa, don kada ta yaudari kanta. Sannan ta naɗe shi a yatsa ta ce, "Tashi ki yi alwala, azahar ta yi."