Hon ya ci fanka

Da hantsi Haliru ya kira ƙanensa Atiku, ya ce Baba ya cika, za a yi jana'iza a Lolo da an sauko azahar. Atiku ya bar ofis a Bagudo, ya shiga motarsa 'yar Kwatano da tabbacin zai riski gawar.

A shingen bincike na uku, inda motoci ke jan gindi jami'ai na leƙen but ɗinsu, allurar zafi ta haye ja, tururi ya taso daga bonet. Fankar lagireto tana tsaye cik.

Atiku ya kira bakanikensa Yinka, ya iso a babur, kuma a ranar ya ga damar aiki bisa ƙa'ida. Ya zare fis, ya ɗaga shi sama, lafiya lau. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wani direban tirela ya rantse fankar ta ƙone, wani mai kaki ya ce ai motar Kwatano sai addu'a. Yinka ya ja waya daga batir kai tsaye, fanka ta juya kamar ba ita ba. Saura rile ke nan, ɗan akwatin da ke ba ta wuta.

Ya zare shi, ya juya shi a tafin hannu.

"Oga, ka tuna ranar da hon ɗinka ya mutu?"

Atiku ya tuna. Rilen hon ne ya lalace, ba a samu sabo a gari ba, shi kuwa ya ce ba zai wuce majalisar dattawan unguwa ba tare da danna musu hon ba, kada a ce boko ya sa masa girman kai. Yinka ya ɗauke na fanka ya ba hon, ya cusa mataccen a gurbinsa, da niyyar a canza gobe. Su biyun suka manta. Dattawa kam sun sha gaisuwa.

Mayar wa fanka rilenta bai ɗauki lokaci ba. Jiran inji ya huce kafin a zuba ruwa ne ya cinye azahar.

A bakin Lolo Atiku ya ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta, makara ba kowa a kanta. Haliru ya tsaya gefen tagar motar, ƙasa har gwiwar wandonsa.

"Mun jira ka, Atiku. Liman ya ce rana ta yi wa Baba yawa."