Ƙwai a Kujerar Mama

Babanmu kafinta ne, irin wanda za ka zagi danginsa ya yi shiru, amma kada ka kuskura ka kushe masa kujera. Sai ga shi wata rana da yamma Mama ta ce kujerar falo tana da ƙulli, kamar an ajiye mata ƙwai ta zauna a kai.

Baba ya kwance kujerar, ya zare soso, ya laluba kowace ƙusa. Babu ƙwai. Ya ƙera sabuwa, Mama ta ce ita ma da ƙwai. Ya ƙera wata mai rami a tsaka, muka ce ta yi kama da ta bayi, ya fasa ta. Kan ka ce me, falonmu ya cika da kujeru, baƙi sai a karkace suke shigowa. Mama kuwa ta koma gado, wai in ta kwanta ƙwan yana ɓacewa. Gadon kuma ba Baba ne ya ƙera ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Bayan kujera sai dokoki. An hana ba ta dariya. An hana shara kusa da ita don kada ta yi atishawa. In ta fito daga bayi, kafin ta kai ɗaki sai ta sake komawa, har Baba ya fara zargin ƙofar bayin.

Ni dai haushinsu duka nake ji, har ranar da na ga Baba yana tura zarto da guduma cikin buhu. Ya ce hannunsa ya mutu, zai bar sana'a. A nan tsoro ya kama ni, na kira Gwaggo, yayarsa.

Gwaggo ta zauna a kan kowace kujera, ta yi lilo, sannan ta shiga wurin Mama.

"Ƙwan nan, yana bin ki kicin?"

Mama ta sunkuyar da kai. "Yana bi, Yaya. In na daɗe a tsaye ya fi nauyi."

"In kin yi tari, fitsari yana zubowa? In kin yi kuma kamar da saura?"

Mama ta ɗaga kai alamar e.

"In kina wanka kina jin wani abu ya turo ta gaba?"

Sai Mama ta fashe da kuka.

"Mafitsara ce ta zazzago, ba katako ba," in ji Gwaggo. "Ni ma na yi bayan haihuwar autana, likita ya duba ni. Tashi ki faɗa wa mutumin nan kafin ya ƙera wa kansa hauka."

Baba yana tsakar gida rungume da buhunsa. Mama ta dafa bango ta tsaya.

"Malam, ba kujerunka ba ne. Jikina ne."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kujerar farko. Kunya ce."

Na zaci zai yi faɗa. Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya ciko.

"Ina can ina tausayin katako, ke kina nan kina ciwo ke kaɗai? Kunyar wa? Ni ne fa."

Ya ajiye buhun, ya ce in ɗauko mata mayafi za su asibiti. Da ta sunkuya za ta sa takalmi, ya ce ta tsaya. Ya durƙusa ya sa mata da kansa.