Abin da Ya Hana Ilaktaron Faɗawa

Shekara goma sha takwas Malamar fiziks tana zana ƙwayar zarra iri ɗaya a allo: ɗigo a tsakiya, wato cibiya, da'irori kewaye da shi, ilaktaron na zagaye kamar akuya a turke.

Ran nan wata ɗaliba, wadda 'yan aji ke kira Don-Me saboda yawan tambayarta, ta ɗaga hannu.

"Malama, kin ce cibiya tana jan ilaktaron. To me ya hana shi faɗawa ciki?"

Malama ba ta sani ba. Maimakon ta faɗi haka, sai ta ɗaure fuska. "Wannan zai fito a jarrabawa ne? Zauna, sarkin iyayi."

Aji ya kwashe da dariya. Kwana tara Don-Me ba ta sake buɗe baki ba, sai kwafe rubutu kamar kowa. Kunya ta ishi Malama, don ta san ita ta kashe wa yarinyar gwiwa, kuma in aka daɗe a haka ba za ta ƙara tambaya ba.

Ran Asabar ta ɗauki littafi ta nufi gidan ƙanenta, malamin jami'a, wanda ita ta goya shi.

"Yaya, yau ke ce ɗalibata?"

"Rufe min baki ka jawo kujera."

Ya ce ilaktaron ba shi da wata hanya da yake bi. Iyakar abin da ake sani shi ne inda aka fi sa ran samunsa. In aka matse shi a ɗan ƙaramin wuri, kuzarin motsinsa ƙaruwa yake yi. Cibiya na jansa, shi kuma ba ya matsuwa, inda suka daidaita nan ne girman ƙwayar zarra. Sau huɗu ta sa ya maimaita, har shayinsa ya huce.

Ran Litinin ta cika allo da ɗige-ɗigen alli, cunkus a tsakiya, jefi-jefi a gefe. Ta yi bayani, sannan ta tsaya gaban teburin yarinyar.

"Tambayarki ta fi ƙarfina ne, shi ya sa na gwale ki. Ki yafe min."

Don-Me ta daɗe tana kallon allon.

"To Malama, furoton ɗin da ke cibiyar fa? Cajinsu iri ɗaya ne, me ya hana su ture juna su watse?"



"Ban sani ba tukuna," in ji Malama. "Ki ba ni lokaci zuwa Alhamis."