Kafin Wutar Walda Ta Kama

Mai walda ya tashi daga jinya da ƙafafunsa biyu lafiya lau, sai dai ƙasa ta daina tsaya masa wuri ɗaya. Mutumin da ke yawo kan ƙarafan bene kamar kyanwa, yau sai ya dafa bango yake kaiwa banɗaki.

Likita ta yi masa bayani dalla-dalla. Can cikin kunne akwai 'yan bututu masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. Allurar da ta ceci ransa ita ta kashe nasa, na kunne biyun.

"Za su farfaɗo?"

"A'a, Baba. Amma ƙwaƙwalwa za ta koyi dogara da ido. Ka dai kiyayi duhu."

Har dariya ya yi, don shi ba mai yawon dare ba ne.

Wata da watanni yana koyon tafiya a tsakar ɗaki, ido kafe kan wata ƙusa a bango, matarsa na tsokanarsa wai ta samu yaro mai tatata da furfura. Ranar da ya iya tsallaka titi shi kaɗai, ya ɗauki hular waldarsa ya nufi shago.

Mai shagon, wanda suka koyi aiki tare, ya kasa haɗa ido da shi. "Hawa sama kam ka yi sallama da shi. Ga ƙofa can a jingine, haɗa min ita. In ta yi, wurinka na nan."

Mai walda ba shi da wata sana'a. Ya ware ƙafafu, ya saita ƙarfe. Hannuwansa biyu na kan aiki, sai ya yi abin da kowane mai walda ke yi: ya gyaɗa kai, hular ta faɗo ta rufe masa fuska.

Bayan baƙin gilashin hular, kafin wuta ta kama, ba a ganin komai. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa lissafa wannan a matsayin duhu ba.

Bai ma san yana faɗuwa ba. Kafaɗarsa ce ta sanar da shi ya iso ƙasa, ƙofar ta biyo shi da ƙara.

"Sannu, ɗan'uwa. A zaune ma ai ana yi," in ji mai shagon, da muryar da ake lallashin majinyaci. Dukansu sun san ƙofa da rufin gida ba sa zuwa gaban kujera.

Mai shagon ya miƙa hannu zai ɗage masa hular. Mai walda ya riƙe ta gam, hawaye na gangara cikin kunnuwansa.

"Bar min ita tukuna," ya ce.